Warin Sholisho a Hannun Riga

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ɗana na biyu yana da shekara goma sha uku, ni kuma ina koyarwa a firamare. Wanda ya daɗe da alli a hannu ba ya yarda da yaro, ko a sahun gaba ya gan shi. Lokacin kuwa 'yan siyasa sun buɗe ofisoshi a Ƙofar Guga, ana kwasar yara a a-kori-kura, a ba su ƙwaya su wuni suna ihu. 'Ya'yan maƙwabta biyu a kan idona suka lalace.

Sai yaron nan ya fara ɓacewa bayan la'asar. In na tambaya ya ce, "Ina nan kusa, Baba." Wata rana ya miƙo mini buta, na ji warin sholisho a hannun rigarsa, gam ɗin nan da yara ke shaƙa su bugu. Na zuba masa ido, ya sunkuyar da kai, na ce a raina mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Uwarsa ta ce in tambaye shi tukuna, ban saurare ta ba. Na aika wa yayana a ƙauye cewa zan cire yaron daga makaranta, ya je ya riƙe fartanya.

Saura kwana biyu tafiya na bi shi a baya, ina raɓe-raɓe kamar ni ne mara gaskiyar, har Ƙofar Marusa. Na same shi durƙushe a rumfar wani tsoho mai facin keke, ya tsoma tiyub a ruwa yana neman huji. Ya samu, ya kankare, ya shafa sholisho da yatsa, ya jira ya sha iska, ya manna. Sai da ya gama sannan ya ɗago ya gan ni.

Muka gaisa da tsohon. Ya ce, "Malam, ashe ɗanka ne. Watanshi ukku nan. Sau biyu masu mota na zuwa ɗibar yara, yana ce masu aiki gare shi. Na ce ya hwaɗa maka, ya ƙiya."

Na ce, "Don mi?"

Tsohon ya ce, "Ya ce kai ba ka tambaya don ka ji, sai don ka kama."

Kunya ta rufe ni. Ƙauye dai bai je ba. A hanyar gida na so in tambaye shi yadda ya fara koyon facin, har muka iso ƙofa ban samo yadda ake irin wannan tambayar ba.