Malam Barau, Wanda Ya Hana a Cire Ni Daga Makaranta

Malam Barau ya rasu da asubahin yau a Kaduna. Ɗansa ne ya kira ni ina shirin karyawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ne malamina na aji ɗaya a firamare a Birnin Gwari, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba.

Ina da shekara bakwai wani sauti ya fara fita daga maƙogwarona, "hak", kamar shaƙuwa amma ya fi ƙarfi. Ba ni nake kiransa ba, kuma ba na iya tare shi. Yara suka sa mini suna Sani Shaƙuwa. Monita kuwa kullum sai ya rubuta sunana cikin masu surutu, in sha bulala, a kora ni gindin mangwaro.

A gida an riga an yanke hukunci. Babana yana da amya a bakin daji wajen Kazage, kuma na taɓa bin sa cire zuma. Kakata ta ce a can na yi gamo. Duk sanda na yi sautin sai ta jawo ni, ta yi mini tofi, gida ya taru a kaina. Aka tsayar za a cire ni daga makaranta a kai ni wurin mai magani.

Malam Barau ya hau kekensa ya zo har zaurenmu. Ina bayan ƙofa ina ji.

Ya ce, "Baba, a ba ni mako uku."

Babana ya ce, "Malam, kai ma ka fara ba da magani ne?"

Ya ce, "A'a. Kallo kawai zan yi."

Kallon ya yi. Ya raba shafin littafi gida uku da rula: abin da ya faru kafin sautin, sautin kansa da yawansa, sai abin da ya biyo baya. Ya karɓe takardar monita. Ranar Asabar ya bi mu gonarmu da ke bakin dajin nan, ya zauna kan kunya ina korar tsuntsaye daga dawa, yana rubutu.

Da mako uku ya cika ya dawo zauren, ya karanta wa babana. A gona sautin bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A aji yana yawaita ne in an ce in miƙe in yi karatu. Abin da ke biyo baya kuma ba ya canzawa: dariya, bulala, sai a fitar da ni, karatun ya wuce ni.

Ya ce, "Ba da gangan yake yi ba. Amma mu muke ƙara masa wuta, ni da ku. Kuma ban ce zai daina ba."

Babana ya ce, "To a dajin da aka ce ya yi gamon, a nan ya fi samun lafiya ke nan?"

Aka bar ni a makaranta.

Daga ranar ba a sake kora ta waje ba. Ina karatu a zaune, in sautin ya zo Malam ya jira ba tare da ya ɗago kai ba, in ci gaba. Kakata ce ta fi ba shi wuya. A ƙarshe suka daidaita: tofi sau ɗaya da safe, ko na yi sautin ko ban yi ba.

Ya ragu sosai. Bai tafi duka ba har yau.

Na yi shekaru ina aikin jarida, na karanta dogon sunan da masana halayyar yara suka ba wannan hanya da Turanci. Ban san inda shi ya koya ba, kuma na yi sakaci ban tambaya ba.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne, a gidan ɗansa a Kaduna, inda rashin tsaro ya dawo da shi. Ina gaishe shi sautin ya kufce mini. Ya dube ni ya ce, "Sani, me ya faru kafin nan?" Muka yi dariya har ya yi tari.

Har gobe akwai yaran da ake duka a kan abin da ba su da iko da shi. Zan rubuta hanyar Malam da Hausa a shafi guda, likitan yara ya duba, in kai wa malaman firamare da kaina. Zan fara da Birnin Gwari.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Za a yi jana'iza yau bayan La'asar. Ba a tsayar ba tukuna ko a Kaduna ko a gida. Iyalin suna jiran jin halin da hanya take ciki.