Kawu Sale Ba Ya Ƙara Inci

Duk wanda ya san Kawu Sale tela ya san tef ɗin awon nan na wuyansa, har masallaci da shi yake zuwa. Kafin ka gama "ina kwana" ya zagaye maka tumbi da shi, ya duba lamba, sannan ya amsa. In ka ƙaru, ko "ya iyali" ba za ka samu ba.

Dokar shagonsa na Sabon Gari ɗaya ce: awon bara shi ne na bana. Wani Alhaji dillalin shanu ya zo da shadda mai tsada, wai a ɗan buɗa masa, rigunansa duk sun tsuke. Kawu ya ce riga ba ta tsukewa, mai ita ne ke faɗi. Ya ninke shaddar ya miƙa masa.

"Ajiye mota, ka riƙa zuwa kasuwar kara da ƙafa. Bayan wata biyu ka dawo."

Alhaji ya fita yana sababi, wai shi ɗinki ya kawo, ba asibiti ya zo ba. Wallahi kuma sai da ya dawo!

Wurin walima kuwa sai dai mu danginsa mu sunkuyar da kai, don bin tabarma yake yana kwashe lemon kwalba yana ajiye ruwa. Mai shayin bakin titi da ya hango shi sai ya kifa hula a kan gwangwanin suga.

Ni ɗan ƙanwarsa ma ban tsira ba. Aikina a jami'a zama ne daga safe har la'asar, ko masallacin unguwa a babur nake zuwa. Da aka gwada ni likita ta ce ciwon suga yana bakin ƙofa. Na ɓoye wa Kawu, ashe matata ta kai masa rahoto. Saura wata uku ɗaurin auren 'yata na kai yadi, Kawu ya ɗinka kaftani ya rage inci uku. Na ce an yi kuskure, ya ce ƙwarai, amma ba shi ya yi ba.

Shi ke nan na shiga uku. Kullum bayan asuba sai mun taka har gada mun dawo, tsoho yana gaba, ni ina baya ina haki kamar rago a rana. Ya kawo wa matata kwano biyu: ƙaramin na tuwo, babban na zogale da rama.

Wata safiya a kan gada na fusata, na ce ai tumbina ne, ya ƙyale ni. Ya tsaya, bai ko kalle ni ba.

"Shekara goma ina buɗa wa uwarka riga, ina tsokanarta wai daɗin gidan miji ne. Ni na riƙe hannunta ranar da suga ya sa aka yanke mata ƙafa. Taka ba zan buɗa ba."

Ban sake ƙorafi ba. Ranar ɗaurin aure kaftani ya shiga har maɓallin wuya, Kawu ya auna ni a gaban surukai, ya yi kabbara. Da na koma gwaji likita ta ce in ci gaba da duk abin da nake yi.

Bara ya rasu, tef ɗin yana wurina. Duk asuba in na kai gada sai kewarsa ta kama ni. Allah Ya jiƙan Kawu Sale da ƙanwarsa, Ya yalwata masa kabarinsa, shi da bai taɓa yalwata mana riga ba.