Ƙullin Jan Zare

Mahaifiyata ta yi shekaru tana haɗa turaren wuta a gidanmu na unguwar Gomari, amma ba ta taɓa manna wa kwalbarta takarda ba. Idan ta cika kwalba sai ta rufe bakinta da farin ƙyalle, ta ɗaure da jan zare. Bahaguwa ce, shi ya sa ƙullinta yake karkata gefe, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da wannan ƙullin mata suke gane kayanta.

Da ta rasu na ci gaba da sana'ar. Haɗin na iya, don a gabanta na tashi. Ɗaurin ne ban taɓa koya ba, domin idan aka zo nan kullum karɓe kwalbar take yi daga hannuna. Masu saye suka fara juya kwalabena suna tambaya ko na gidanmu ne. Wata mai shago ta ba ni shawara in yi tambari kamar kowa, ta kwatanta mini wani mai zane a kwamfuta a unguwar Mairi.

Mutum ne mara yawan magana. Ya nuna mini zanen kasko da hayaƙi, ya nuna mini furanni, sannan shi da kansa ya ce rabin masu turaren garin nan irinsu suke mannawa. Ya tambaye ni da me aka san mu. Washegari na kawo masa kwalbar da ke cikin akwatina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda mahaifiyata ta ɗaure kafin ta kwanta ciwo.

Ya yi wa mahaifiyata addu'a, ya karɓi kwalbar da hannu biyu. Ya ce wannan ƙullin ya isa, ba sai an ƙara komai ba: launi ɗaya, layi kaɗan, yadda ko an ƙanƙance shi a kan sitika za a gane shi daga bakin shago. Ya ɗauki hoto, ya zana har sau uku. Duk ukun ƙulli ne, amma na kowa ne. Ya ce ya kasa ganin inda zaren ya bi ta ƙasa ya ɓullo.

"Hajiya, sai dai a sassauta shi kaɗan," in ji shi. "In ba kya so, mu bar shi haka."

Na daɗe ina kallon kwalbar. Idan na hana, tambarin ba zai zama nata ba, mata kuma za su ci gaba da tambaya.

"Sassauta, Malam. Amma a hankali."

Da allura ya yi. Ya ɗan ɗaga zaren ya zana, ya sake ɗagawa ya zana. Sai dai zaren ya sha man turare, ya yi santsi. A ɗagawa ta uku ya zame, ƙullin ya warware gaba ɗaya.

Ya ajiye allurar, ya yi salati a hankali, ya ba ni haƙuri. Na ce ba laifinsa ba ne, ni na ce a taɓa. Ya gwada mayarwa yana duban zanensa, ni ma na gwada da hannun hagu. Bai koma ba. A Keke Napep na yi kukana, kwalbar tana cikin mayafina.

Bayan mako guda ya kira ni. Tambarin ya fita daidai, da karkatarsa da dogon kunnensa, ja a kan fari. Tun da na fara mannawa ba wadda ta sake tambayata. Wata tsohuwa ma ta shafa sitikar da yatsa ta ce Allah ya jiƙan mai shi.

Zaren na ajiye shi kusa da kwalbar. Watannin farko yana riƙe da lanƙwasarsa, ina iya ganin inda yatsunta suka matse shi. Yanzu ya miƙe.