Daminar da Muka Cinye Irin Masara

A wata damina cikin shekarun farko na alif ɗari tara da hamsin, kurkunu ya kama mahaifina a ƙafa biyu. Na dawo hutu daga makarantar kwana ta birni na tarar da shi kwance a zaure, ƙafafunsa a kumbure, an naɗe bakin tsutsar a jikin tsinke, kullum ana jan ta kaɗan kaɗan don kada ta tsinke. Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙofa da Kiru, kuma a shekarar nan kusan duk gidan da ke shan ruwan kududdufi yana da majinyaci.

Baba ya samu ya yi noman fari a gonar dawarmu kafin ciwon ya kayar da shi. Abin da ya rage shi ne maimai, wato noma na biyu, ciyawa kuwa ta riga ta kai gwiwa. Dawar ta fara yin rawaya. Idan ba a nome ta a kan lokaci ba, ba za ta yi kai ba, kuma ita ce abincinmu na shekara guda. Na ɗauki fartanya na shiga ni kaɗai. Hannuna da ya saba da alƙalami ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Kafin in kai kunyar ƙarshe, wadda na nome a farkon mako ta sake yin kore. Da yamma nakan dawo in zauna a bakin rijiya, in kasa ɗaga guga.

Rumbu ya daɗe da zama fanko. Garkar bayan gida ce take riƙe da mu, ɗan fili mai shingen kara wanda Inna da Kaka, mahaifiyar Baba, suke kula da shi. Akwai kuɓewa da yakuwa da rama, kabewa ta hau rufin ɗaki, tafasa kuma ta fito da kanta a gindin shinge. Da safe Inna takan dafa rama ta matse, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Da rana a gasa masara. Da yamma a dafa kabewa, a zuba gishiri idan akwai. Ciki yakan cika, amma kafin mutum ya isa gona ya sake jin yunwa.

Masarar garkar nan ja ce, gajeriya, kuma tana rigan kowace masara a ƙauyen nuna. Baba ya gaje ta daga mahaifinsa. Saurin nunarta shi ne amfaninta, domin ita take cike mana giɓin da ke tsakanin ƙarewar tsohon hatsi da shigowar sabo. Al'adar gidanmu ita ce, da zarar ta yi goyo, Baba zai zaga ya zaɓi mafi kyau, ya ƙulle ganyen karansu. Wanda aka ƙulle iri ne, ba mai taɓa shi sai ya bushe a kan karansa, sannan a rataye shi a saman murhu har wata damina. A shekarar nan da jan gindi ya shiga garkar ya yi ƙullin.

Wata rana Kaka ta kama hannuna ta duba. Ta ce, "Maigidana, da wannan hannun za ka ciyar da ni? Ai gara in nemi saki tun da sauran ƙarfina."

Na ce, "Wa zai kwashe ki, ba haƙori?"

Ta yi dariya, sannan ta saki hannun ta juya wajen Inna. "Yaron nan ba zai iya ba. A kira gayya."

Kowa ya san abin da gayya take nufi. Samarin gari za su taru su nome gonar cikin yini ɗaya, ba lada, amma dole mai gona ya ciyar da su abinci mai riƙe ciki. Ba a kai wa 'yan gayya kwaɗon ganye. Wanda ya yi haka, za su bar gonar kafin azahar, kuma ba za a sake amsa kiransa ba. Mu kuwa mun gasa duk masarar da ba a ƙulle ba. Wadda ta rage ita ce ta iri, ta ƙosa har za ta daku a turmi, amma ba ta bushe yadda za ta shuku ba.

Inna ta je ƙofar zaure ta durƙusa. Ina tsaye a bayanta. Ta ce, "Malam, ana so a kira gayya."

"Da me za a ciyar da su?"

 Ya dube ta, ya dubi wajen garka, ya gane.

Ya ce, "A nemi aro a Badafi, wajen ɗan'uwanki."

"Na aika. Su ma ganye suke ci."

Ya daɗe yana kallon tsinken da ke ƙafarsa. Can ya ce, "Ku bar mini ko kaɗan."

Ta ce, "Idan ta isa, Malam."

Ba ta isa ba. Ni na karye goyon, ina kwance ƙullin da hannunsa ya yi, na bar kaɗan a kan kara. Muka ɓare, Inna da maƙwabta suka daka ta ta zama tsaki. Da Kaka ta auna da ido ta ga yawan mutanen da suka yi alkawarin zuwa, sai ta ce in koma in kawo sauran. Na tsaya. Ta ce, "Je ka, maigidana. Tukunya ba ta kai rabi ba." Ban taɓa jin muryarta ba wasa a ciki sai ran nan.

Aka ɗora manyan tukwane. Aka yanka yakuwa da kabewa da albasa, aka zuba daddawa da barkono, aka kaɗa tsakin a ciki har fate ya yi kauri, launinsa ja-ja. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ba da ƙwarya guda, ta ce a biya ta da kara bayan kaka.

Samari suka shiga gonar da kiɗan ganga. Suka sa ni a tsakiyar layi don su ga ƙarshena. Shugabansu yana waiwayowa yana cewa, "Ɗan makaranta, kunyar nan ba a karanta ta, nome ta ake yi!" Wani ya ce a bar ni, ai ina lissafin ciyawar ne. Ban iya ramawa ba, numfashi ma da ƙyar nake yi. Da aka kawo fate suka zauna a gindin ɗorawa suka cinye, suka suɗe ƙore, wani yana cewa bai taɓa shan fate mai zaƙin wannan ba. Kafin la'asar gonar ta fito fes.

Na kai wa Baba nasa a akushi. Ya ɗiba, ya tsaya yana duban jan tsakin a cikin ludayi. Ya tambaye ni ko an gama gonar, na ce an gama. Ya ce alhamdu lillahi, ya sha, bai rage ba.

Dawar ta farfaɗo, ta cika rumbu, ta kai mu har ruwa ya sake sauka. Da Baba ya miƙe ya bi kasuwannin Ƙofa da Ba'awa, har ya aika Tudun Wada, yana neman jar masara gajeriya. Ya samo wata mai kama da ita, muka shuka. Ta yi tsawo, ta yi kyau, amma ba ta nuna ba sai bayan gero ya shigo, lokacin da ba a bukatarta. Daga shekarar nan kwanakin rama da tafasa suka ƙaru a gidanmu. Bayan wasu shekaru, da na kammala karatu, na je gida a tsakiyar damina. Na tarar da Baba a garka, yana ɗingishi tsakanin dogayen kara, yana ƙulle ganye kamar yadda ya saba, Inna kuma tana matse rama a bakin murhu.