Bunsurun da Muka Taya a Ringim

Ko da zan manta ranar da na karɓi takardar kammala karatu, ba zan taɓa manta ranar da muka je kara, kasuwar dabbobi, a Ringim neman ilimi muka dawo da bunsuru ba.

Lokacin muna shekarar ƙarshe a makaranta a Dutse. Malamin darasin sana'o'i ya raba mu uku-uku, ya ce kowane rukuni ya nemo ɗan kasuwa ya yi hira da shi. Rukuninmu akwai ni, da wata ɗaliba mai natsuwa wadda za ta naɗi muryoyi a wayarta, sai wani abokinmu da muke kira Rediyo, don in ya buɗe baki sai dai a yi haƙuri. A gidajen ma'aikata ya tashi, akuya ma sai a miya yake ganinta. Shi ya kafe sai mun je wajen masu dabbobi, wai a can dukiya take.

A aljihuna kuwa akwai kuɗin rajistata. Mahaifina ya sayar da riɗinsa ya aiko min, ana kuma rufe biya ƙarshen makon. Tsoron ɓarayin ɗakin kwana ya sa na taho da su, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Aka haɗa mu da wani dattijo mai fataucin awaki, yana zaune a kan tabarma da igiyoyi a hannu. Ya karɓe mu da fara'a, hira ta yi daɗi. Na tambaye shi sirrin sana'arsa, ya ce, "Ɗana, kada ka bari mai saye ya ga yunwa a idonka. Ko cikinka na kuka, ka ce albarka."

Ana cikin haka Rediyo ya ga an bar shi a baya. Ya miƙe ya dafa wani jan bunsuru mai gemu, wanda warinsa ya riga ya yi mana sallama tun daga nesa.

"Baba, kamar wannan nawa zai kai?"

"Taya, ɗan samari," in ji dattijon.

Rediyo ya ɗauka jarrabawa ce ake masa. Ya zagaya bunsurun, ya buɗe masa baki kamar wanda ya san abin da yake dubawa, ya faɗi kuɗi. Dattijon ya ce albarka. Maimakon ya yi shiru, sai ya ƙara, don a ganinsa bai canka daidai ba ne. Na fara taka masa ƙafa, ya ture ni. Ya sake ƙarawa. Dattijon ya kama hannunsa ya girgiza, ya ce, "Na sallama. Allah ya sa alheri." Ya danƙa masa igiya.

Rediyo ya waiwayo yana murmushi. "Kun gani? Na canka!"

Da ya gane abin da ya faru, sai ya fara rantse-rantse cewa bincike muke yi. Kafin ka ce kwabo dillalai sun kewaye mu. Wani ya ce, "Malam, nan kara ce, ba aji ba. Ka taya, an sallama, mai saye na gaske ya ji ya wuce. Wa zai ɗauki asarar?" Aka kira sarkin kara, ya saurari kowa, ya ce ciniki ya faɗa. Rediyo ya zazzage aljihu, kuɗin mota kawai gare shi. Ɗalibar nan ta fara hawaye. Su biyun suka zuba min ido, don sun san kuɗin rajista na jikina. Wallahi da na miƙa kuɗin nan, fuskar mahaifina kawai nake gani a gonar riɗi.

Direban motar Dutse ya ce bunsuru sai an biya masa kujera. Haka muka taho, yana tsakanina da Rediyo, wata tsohuwa a baya tana toshe hanci tana tambaya ko abin da ake koya mana ke nan a makarantar.

Na ɗaure shi a bayan ɗakin kwananmu. Na wanke shi, na saya masa dusa, amma wari ya ce yana nan daram. Abokan ɗakina suka mayar da katifata bakin ƙofa. Na ja shi wajen mahauta da masu tsire, kowa ya dubi fuskata sai ya taya rabin kuɗi, don duk wanda ya gan ni ya san a matse nake. Rediyo kuwa ya koma zagaye ni ta bayan masallaci.

Ranar da za a rufe rajista, da safe, na fito na tarar da guntun igiya. Na zauna a ƙasa dirshan. Can sai ga Hajiya mai abincin bakin makaranta ta taho tana faɗa, tana jan bunsurun ta ƙaho. Ashe ya tsinke ya faɗa cikin awakinta, ya kuma kifar mata da kwanon wake.

"Na waye wannan ɗan banzan?"

"Nawa ne, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Ta gama faɗanta, amma na lura ba ta saki ƙahon ba. Tana ta duban ƙirjinsa da ƙafafunsa. Can ta sassauta murya ta ce, "Ja ne kuwa na asali. Awakina sun daɗe ba namiji. Na sayarwa ne?"

Na ce, "Taya, Hajiya."

Ta taya ƙasa da abin da na biya, amma ya fi na mahauta nesa ba kusa ba. Zuciyata ta ce karɓi ka cika da rance. Sai maganar dattijon nan ta faɗo min. Na kau da kai, na dubi duwatsun gari kamar wanda ba shi da wata damuwa a duniya, na ce, "Albarka."

Ta saki ƙaho ta juya ta tafi. Ina kallon bayanta, ina zagin kaina da dattijon da Rediyo gaba ɗaya. Har ta kai bakin rumfarta, sannan ta tsaya ta ɗaga murya: "Kai ɗan nan, kawo shi, na cika maka kuɗinka har da 'yar riba. Amma wakena ka biya!"

Na biya rajista ana shirin tashi daga ofis. Ribar da ta rage sabulu na saya da ita, na wanke kayana.

Yau ni ma awaki nake fatauci bayan aikin ofis, kuma abin da ranar ta koya min bai tsufa ba: kada bakinka ya taya abin da aljihunka bai shirya ba, in kuma kai ne mai kaya, ka ɓoye yunwarka. Kwanan baya wasu ɗalibai suka zo hira da ni. Ɗaya ya dafa wani bunsuru ya ce nawa zai kai. Na buɗe baki zan ce ya taya, sai na hango na kusa da shi ya dafe aljihu. Na ce su zauna tukuna in ba su labari.