Wayar Ƙofar Baya

Jiya na ga direban tasi yana dukan ƙofar baya don ta ƙi buɗuwa. Sai na tuna da Baba, mai gyaran wayar mota.

A shekarun tamanin ina tuƙa manajan wani kamfanin jima a Challawa. Wata safiya makullin lantarki na ƙofarsa ya ƙi buɗuwa, ya fita ta ɗaya gefen, ya taka kwatar ruwan fata. Ya ce ni na lalata shi, in ta tabbata zai kore ni. Ina da 'ya'ya huɗu a Panshekara.

Aka kira Baba. Ba ya kwance komai sai ya gwada. Da farko ya duba fis. Na biyu ya sa ƙwan gwaji a maɓalli, ya kama. Na uku ya kai shi jikin makulli, bai kama ba. Sannan ya janye robar bakin ƙofa, ga waya ta tsinke, ta yi kore. Ƙudaje suna kan yatsunsa, bai kula su ba.

Manaja ya ce, "Baba, ai direba ne ya tsinka ta."

"Ranka ya daɗe, tsufa ne ya cinye ta. Ba zan ɗora masa ba."

"To, daga yau ka gama aiki a nan."

Baba ya haɗa wayar tukuna, ya gwada ƙofar, ya tattara kayansa. Ban ce uffan ba. Na riƙe aikina, shi kuwa ba a ƙara kiransa ba har ya rasu.

Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi.