Jarkar Hagu

Shekara talatin da takwas ina wanke kayan aikin maigidana, don haka ba man da ban san warinsa ba, ko da ban taɓa riƙe sifana ba. Bakaniken tsofaffin motoci ne, irin waɗanda ake tsayawa a ɗauki hotonsu. Mai Hanci ake ce masa. Bai iya karatu ba, jarkokinsa ba rubutu; ya buɗe murfi ya shinshina, magana ta ƙare.

Bara zazzaɓi ya kwantar da shi sati uku. Ya tashi, hancin bai tashi ba. Na gane ne ranar da tukunyata ta ƙone ƙurmus yana zaune a gefenta yana zuba mini labari. Na yi magana, ya ce in kama bakina. Mutumin nan da taurin kai, sai addu'a.

Masu kawo aiki duk sun watse, saura wani likita mai motar da ya gada daga mahaifinsa. Tana da obadiraib, wato ƙarin giyar da ke sassauta wa inji a doguwar hanya. Maigida ya sha faɗa mini har na haddace: giyar nan ba ta son man zamani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, cinye tagullar ciki yake yi. Man inji zalla take sha.

Ran Talata da la'asar ya dawo, ya miƙo mini riga. Kafin ta kai baho wari ya bugi hancina. Warin ƙwai ne, ba ko tantama.

"Malam, motar likita ka yi yau?"

"Ita fa. Har ya kama hanya, tafiya ce mai nisa."

"Wace jarka ka zuba?"

"Ta hagu, inda take kullum."

"Na shiga uku! Ni na share garejin ran Asabar, na sauya musu wuri!"

Ya fizge rigar ya cusa hanci a ciki. Ya ja, ya ja, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Babu. Wallahi ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar lokacin ba, ban kuma taɓa tsanar tsintsiya haka ba.

"Kira shi," na ce.

"In ce masa me? Shi kaɗai ya rage mini. In ya sani, ya tafi ke nan."

"To ka ce ni ce! Ka ce matarka ce sarkin karambani!"

Ya kira likitan. Sau huɗu wayar na ƙara ba a ɗauka. A na biyar aka ɗauka.

"Likita, ka sauka gefen titi ka kashe ta yanzu, don Allah. Man da ke ciki ba nata ba ne." Ya saurara. "A'a, ba wanda ya taɓa mini kaya. Hancina ne ya mutu, shekara guda ke nan ina ɓoyewa."

Ya ajiye wayar, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Ke za ki zaɓo jarkar."